Ɓoyayyen tambari: hanyar gane rubutun da na'ura ta yi

Tun daga ranar 30 ga watan Nuwamban 2022, lokacin da kamfanin OpenAI na ƙasar Amurka ya buɗe wa jama'a manhajarsa ta ChatGPT, malaman makarantu da editocin jaridu da alƙalan gasar rubutu suka shiga wani hali da ba su saba da shi ba. Za a miƙo musu rubutu mai tsari, babu tuntuɓen nahawu, amma ba su da tabbacin ko mutum ne ya zauna ya yi gumi a kansa, ko kuwa na'ura mai ƙwaƙwalwa ce ta zubo shi cikin daƙiƙa ashirin.

Matsalar dai ba ta tsaya a Turai da Amurka ba. A birnin Sakkwato, duk ɗalibin da ke riƙe da wayar salula da ɗan kuɗin data yana iya sa na'ura ta rubuta masa aikin gida, ko ma babi sukutum na kundin kammala karatu, sannan ya biya ta wani shagon buga takardu a Runjin Sambo a buga masa shi fes. Malamin da zai duba aikin, ko a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko a wata makarantar, kuskure biyu ne ke jiransa: ko ya ba da maki ga wanda bai yi komai ba, ko ya tuhumi wanda ya kwana yana karatu da laifin da bai aikata ba. Na biyun ya fi muni, domin yana iya kai ɗalibi gaban kwamitin ladabtarwa.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da masana kimiyyar kwamfuta suka ɓullo da su domin warware wannan rikici ita ce sanya wani ɓoyayyen tambari a cikin rubutun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke fitarwa, tambarin da idon mai karatu ba ya gani amma na'urar bincike ke iya ganowa. Turawa na kiransa alamar ruwa. Sunan ya samo asali ne daga sana'ar yin takarda, kuma Sakkwato na daga cikin garuruwan Afirka ta Yamma da tsohuwar alamar ta fi yawa a ɗakunan karatunsu.

Jinjirin wata uku

A garin Fabriano na ƙasar Italiya ne aka fara sanya alama a jikin takarda, wajejen shekarar 1282. A wancan zamani da tsummokara ake yin takarda. A jiƙa su, a daka har su zama kamar kunu, sai a tsoma wani faifai na siraran wayoyi a ɗebo, ruwa ya tsane, abin da ya rage a kan faifan ya bushe ya zama falle. Masu sana'ar sai suka riƙa lanƙwasa waya su yi wata siffa, su ɗinke ta a jikin faifan. Duk inda wayar ta taɓa, takardar kan fi siranta kaɗan, saboda haka idan aka ɗaga fallen zuwa haske sai siffar ta bayyana. Wannan dabara ce har yau ake amfani da ita a manyan takardun kuɗi, kuma ita ce ɗan kasuwa ke nema idan ya ɗaga dubu guda yana dubawa a rana.

Malaman Daular Usmaniyya, tun daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello har zuwa Nana Asma'u, sun bar ɗaruruwan littattafai da waƙoƙi, amma ba a yin takardar a ƙasar Hausa. Daga arewacin Italiya ake kawo mafi yawanta, ta sauka a Tarabulus ko Masar, sannan ayarin raƙuma su ratso Sahara da ita ta Gadamas da Agadas zuwa kasuwannin Katsina da Kano da Sakkwato. Masu masana'antun yankin Venis sun san kasuwarsu ƙasashen Musulmi ce, don haka alamar da suka fi sanyawa ita ce jinjirin wata uku a jere, wani ya fi wani girma. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya ga irin wannan takarda mai wata uku jibge a kasuwar Kano a shekarar 1851, har ya lura cewa ana naɗe tufafi da ita.

Daga cikin masana'antun da takardarsu ta fi yawa a littattafan arewacin Najeriya akwai ta iyalan Galvani da ke kusa da garin Pordenone. Wanda ya ɗaga fallen wani tsohon littafi a Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, ko a Gidan Arewa na Kaduna, ba abin mamaki ba ne ya ga fuskar wata a cikin garkuwa, ko haruffan AG, ko cikakken sunan Andrea Galvani da rubutun boko a ƙarƙashin layukan Larabci. Masu bincike irin su Terence Walz da Michaelle Biddle sun yi amfani da waɗannan alamomi wajen bin diddigin cinikin takarda da kuma ƙiyasta shekarun littattafai.

To me alamar ke faɗa wa mai bincike? Idan aka kawo littafi aka ce da hannun Shehu aka rubuta shi, alhali Shehu ya rasu a 1817, sai aka ga takardar na ɗauke da cikakken sunan Andrea Galvani, wanda bai fara bayyana a takarda ba sai bayan rasuwar Shehu, to an tabbatar kwafi ne na baya. Iyakar abin da aka tabbatar ke nan. Mai yiwuwa maganar da ke ciki ta Shehu ce kalma da kalma, wani almajiri ne ya kwafe ta da amana. Alamar ba ta faɗin wanda ya riƙe alƙalami, ba ta faɗin ko abin da aka rubuta gaskiya ne. Kazalika, masana'antu da dama sun yi ta kwaikwayon wata ukun saboda ya karɓu a kasuwa, kuma sunan Andrea Galvani ya ci gaba da fitowa a takarda shekaru da yawa bayan mutuwarsa a 1855. Waɗannan iyakoki duka sun sake dawowa a tambarin zamani.

Tarihin Sakkwato ya kuma nuna irin abin da kan biyo baya idan aka rasa hanyar tantance asalin rubutu. Gwamna Lugga ya ba da rahoton cewa a shekarar 1902 ya samu wasiƙa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman, wadda ke cewa babu wata hulɗa tsakaninsu sai yaƙi, kuma wasiƙar na cikin hujjojin da ya kafa kafin dakarunsa su ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Fassarar Turancinta ce ta yaɗu, ba a ga asalin Larabcin mai hatimi ba. A littafinsa na 1964, D. J. M. Muffett, wanda tsohon jami'in mulkin mallaka ne, ya nuna shakka a kan sahihancinta, yayin da wasu masana tarihi suka karɓe ta. Da takardar na hannu, da an duba hatimi da salon magatakarda da alamar da ke jikinta.

Yadda na'ura ke zaɓen kalma

Rubutun da ke yawo a wayoyi ba shi da takardar da za a ɗaga zuwa haske. Ana kwafe shi daga manhaja zuwa WhatsApp, daga nan zuwa Facebook, kuma duk wani bayani da aka liƙa masa a gefe yakan zube a hanya. Saboda haka dole tambarin ya kasance a cikin kalmomin kansu.

Domin fahimtar yadda hakan ke yiwuwa, sai an san yadda manhajoji irin su ChatGPT da Gemini da Claude ke rubutu. Ba su da jimla a ajiye. Ɗaya bayan ɗaya suke fitar da kalmomi, ko kuma a zahiri gutsattsarin kalmomi, kuma a kowane mataki suna lissafa wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo baya, bisa ga ɗimbin rubuce-rubucen da aka horar da su a kai. Alal misali, idan an fara da "Manomi ya tashi da asuba ya nufi", kalmar "gona" ce za ta fi samun rinjaye, amma "masallaci" da "fadama" da "kasuwa" su ma suna da nasu rabo. Na'urar kan jefa ƙuri'a ne a tsakaninsu gwargwadon rabon kowace. Wannan ne ya sa idan aka yi mata tambaya ɗaya sau biyu, amsa biyu take bayarwa.

A wurin jefa ƙuri'ar nan ne ake cusa tambarin. A ƙarshen 2022, Scott Aaronson, malamin Jami'ar Texas wanda a lokacin yake aiki da OpenAI, ya bayyana cewa ya tsara hanyar karkata ƙuri'ar da wani mabuɗi na sirri. Sai dai hanyar da ta fi shahara ita ce wadda John Kirchenbauer da Tom Goldstein da abokan aikinsu na Jami'ar Maryland suka wallafa a watan Janairun 2023.

Ga yadda take. Kafin na'urar ta zaɓi kowace kalma, sai a raba dukkan kalmomin da ta sani gida biyu, a kira ɗaya kore, ɗaya ja. Sannan a ƙara wa na gidan kore ɗan nauyi, ta yadda idan "amma" da "sai dai" duk sun dace a wuri, wadda ta faɗa gidan kore za ta fi samun damar fitowa. Rabon ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kalmar da ta gabata tare da mabuɗin sirrin ne ke yanke yadda za a raba gidajen, saboda haka kalmar da take kore a wannan layi tana iya zama ja a layi na gaba. Mai karatu ba zai ga wata kalma tana maimaituwa fiye da kima ba, balle ya zargi wani abu.

Mai bincike da ke riƙe da mabuɗin kuwa ƙidaya kawai zai yi. Mutumin da bai san da wani rabo ba, idan ya rubuta kalmomi 200, kimanin 100 ne za su faɗa gidan kore, wataƙila 93, wataƙila 108, kamar dai wanda ya jefa kwabo sau 200. Idan aka ƙirga aka samu 150, to yiwuwar hakan ta faru da katari ba ta kai ɗaya cikin biliyan ɗari ba. Amma a lura da abin da ke faruwa idan rubutun gajere ne. A saƙo mai kalmomi 20, samun kore 15 ko fiye abu ne da kan faru da katari kusan sau 2 cikin 100. A ajin da ke da ɗalibai 300, wannan na nufin mutum shida ke nan da za a iya zargi ba su ji ba ba su gani ba. Tsawon rubutu shi ne ƙarfin hujjar.

Akwai kuma wuraren da tambarin ba ya samun gurbin zama ko kaɗan. Idan aka ce wa na'ura ta kawo wata aya, ko ta jero sunayen Sarakunan Musulmi tun daga Muhammadu Bello, ko ta faɗi shekarar da Najeriya ta samu 'yancin kai, babu zaɓi a tsakanin kalmomi. Amsa ɗaya ce, kuma karkata ta zai zama ɓata ta. Tambarin ya fi kama jiki a insha'i da labari da sharhi, inda hanyoyin faɗin abu ɗaya suke da yawa.

Wanda ya sa da wanda ya ƙi

Kamfanin Google ne ya fara sanya irin wannan tambari a rubutu ga miliyoyin jama'a. Sashensa na bincike, DeepMind, ya fito da fasahar SynthID a watan Agustan 2023 domin hotuna, ya faɗaɗa ta zuwa rubutu da bidiyo a watan Mayun 2024, sannan a watan Oktoban 2024 ya wallafa bayaninta a mujallar kimiyya ta Nature tare da sakin ta ga masu ƙera manhajoji kyauta. Tasu hanyar ta yi kama da gasar kokawar cin takobi ta Nijar: na'urar ta fito da kalmomi da dama da suka dace, a haɗa su biyu-biyu, mabuɗin sirri ya yanke wadda ta yi kaye, a ci gaba zagaye bayan zagaye har a samu zakara, ita ce za a rubuta. Kamfanin ya gwada ta a kan amsoshin Gemini kusan miliyan 20, ya kuma ce masu amfani ba su nuna sun fi son marasa tambari a kan masu tambari ba. A watan Mayun 2025 ya ce an sanya tambarin a abubuwa fiye da biliyan 10, idan aka haɗa hotuna da sauti da bidiyo da rubutu.

Labarin OpenAI ya sha bamban. A watan Agustan 2024 jaridar Wall Street Journal ta ba da rahoton cewa kamfanin ya yi kusan shekara guda da kammala nasa tambarin, wanda takardun cikin gida suka ce yana gane rubutu mai isasshen tsawo da tabbacin kashi 99.9 cikin 100, amma ya ƙi sakin sa. Cikin dalilan da rahoton ya ambata har da wani jin ra'ayi da ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 na masu amfani da ChatGPT za su rage amfani da ita idan aka sa tambarin alhali abokan gasa ba su sa ba. Kamfanin da kansa ya amsa cewa yana da fasahar, ya kuma kawo nasa dalilan: cewa ana iya kauce mata, kuma tana iya jawo tsangwama ga waɗanda Turanci ba harshen uwa ba ne a gare su, masu amfani da manhajar domin gyara rubutunsu. Dalilin na biyu yana da ƙamshin gaskiya, amma ba sai an faɗa wa ɗan kasuwa cewa na farkon ma yana da nauyi a ma'auni ba.

A nan ne babban giɓin yake. Mabuɗin Google rubutun manhajar Google kaɗai yake ganewa. Idan aka bincika rubutu aka samu tambari, hujja ce mai ƙarfi cewa ya ratsa ta wannan na'ura. Idan ba a samu ba, ba a tabbatar da komai ba, domin wataƙila wata manhajar ce ta rubuta.

Tambari daban, manhajar hasashe daban

Mutane da yawa kan haɗa ɓoyayyen tambari da manhajojin da ake liƙa musu rubutu su ce kashi kaza na na'ura ne, irin su GPTZero da kuma sashen da kamfanin Turnitin ya ƙara a watan Afrilun 2023. Waɗannan ba tambari suke nema ba. Salo suke dubawa su yi hasashe: idan kalmomin rubutu sun cika zama waɗanda ake tsammani, jimlolin kuma tsawonsu ɗaya, sai su ce na'ura ce. Su ma kuma sun bambanta da manhajojin kama satar rubutu, kamar EagleScan da Kwamitin Shugabannin Jami'o'in Najeriya ya ƙaddamar a 2021, waɗanda aikinsu na asali shi ne kwatanta rubutu da abin da aka riga aka wallafa.

Tarihin manhajojin hasashe bai yi kyau ba. OpenAI ya fitar da tasa a ƙarshen Janairun 2023, ya kuma faɗa da bakinsa cewa kashi 26 cikin 100 kawai na rubutun na'ura take kamawa, tana kuma yi wa kashi 9 cikin 100 na rubutun mutane ƙazafi. A watan Yulin wannan shekara ya janye ta. A watan Agusta Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta kashe na Turnitin, inda ta yi lissafin cewa ko da kuskuren kashi 1 ne cikin 100, a cikin ayyuka 75,000 da ɗalibanta suka miƙa a 2022 da an zargi kimanin 750 a banza.

Binciken da ya fi shafar ɗaliban Najeriya da Nijar shi ne wanda masanan Jami'ar Stanford suka wallafa a 2023. Sun ɗauki insha'i 91 da waɗanda Turanci ba harshensu ba ne suka rubuta domin jarrabawar TOEFL, suka ba manhajojin hasashe bakwai. A matsakaici, fiye da kashi 61 cikin 100 na insha'in aka ce na'ura ce ta rubuta, kuma 89 daga cikin 91 aƙalla manhaja ɗaya ta zarge su. Insha'in yaran Amurka kuwa kusan duka aka wanke su. Dalilin a fili yake: wanda ya koyi harshe a aji yakan tsaya kan kalmomin da ya tabbatar da su da jimlolin da aka koya masa, kuma wannan tsantseni ne manhajar ke ɗauka a matsayin alamar na'ura.

Hatta mutane ma suna faɗawa wannan rami. A watan Afrilun 2024 wani fitaccen mai zuba jari a harkar fasaha, Paul Graham, ya rubuta a shafin X cewa kalmar Turanci ta "delve" alama ce ta rubutun ChatGPT. 'Yan Najeriya suka yi masa ca, suna cewa kalma ce da suka saba da ita tun daga sakandare. Ɓoyayyen tambari, duk da gazawarsa, ya fi wannan adalci ta fuska ɗaya: bai damu da salon mutum ko ƙasarsa ba, kuma ana iya lissafa yawan kuskurensa tun kafin a yi amfani da shi.

Gogewa da jabu

Ta wata fuska tambarin zamani ya fi na takarda ƙarko. Alamar wata uku tana ɓacewa da zarar an kwafe littafi a sabon falle. Wannan kuwa, tun da a cikin zaɓin kalmomi yake, ko an buga rubutun a takarda, ko an yi masa hoto, ko ɗalibi ya kwafe shi da biro a littafinsa, yana nan muddin kalmomin ba su sauya ba. Gyaran kalma ɗaya nan ɗaya can ma ba ya kawar da shi, sai dai ya rage masa ƙarfi.

Abin da ke kashe shi shi ne sake zubin rubutun baki ɗaya. A watan Maris na 2023 wata tawagar ta Jami'ar Maryland ƙarƙashin Soheil Feizi ta nuna cewa idan aka ba wata na'urar rubutun ta sake faɗinsa da wasu kalmomi, musamman sau da dama, ganewar takan faɗi ƙasa warwas. Fassara ma haka take yi. A 2024 kuma masu bincike a jami'ar ETH da ke Zurich a Suwizalan suka nuna abin da ya fi wannan tayar da hankali: da kuɗin da bai kai dala 50 ba, mutum na iya yi wa manhaja tambayoyi masu yawa har ya gano yadda tambarinta yake aiki, daga nan ya goge shi, ko kuma ya liƙa shi a rubutun da manhajar ba ta taɓa yi ba. Wato jabun hatimi ke nan.

Ga masu rubutu da Hausa akwai ƙarin lauje cikin naɗi. Yawancin gwaje-gwajen da aka wallafa a kan Turanci aka yi su. Manhajar Google Translate ta fara fassara Hausa tun watan Disambar 2013, don haka mai son ɓad da sawu zai iya karɓar rubutu da Turanci ya juya shi zuwa Hausa, ko akasin haka. Bugu da ƙari, tun da na'urar gutsattsarin haruffa take ƙirgawa, sauya rubutun kalma sauya gutsuren ne. Basakkwacen da ya mayar da "ne" da "ce" zuwa "na" da "ta", ya mayar da "tafi" zuwa "tahi", ko mai buga takardu da ya zubar da lanƙwasar haruffa domin allon kwamfutarsa ba shi da su, duk sun taɓa ƙidayar ko da ba su yi niyya ba.

Sannan ko an samu tambarin, tambayar malami ba ta ƙare ba. Ɗalibin da ya yi bincikensa da kansa a ƙauyukan Wamakko, ya rubuta da Turancinsa, sannan ya ba manhaja ta gyara masa jimloli, aikinsa na iya fitowa da tambari daidai da na wanda bai ko buɗe littafi ba. Rarrabe su sai an zaunar da kowannensu an tambaye shi, kamar yadda ake yi a ranar kare kundi, kuma kamar yadda malaman zaure suka saba: almajiri ya karanta a gabansu, ya fassara, kafin a ba shi izinin littafin. Haka nan saƙon da ke yawo a WhatsApp da sunan wani malami ko basarake. Rashin tambari a jikinsa bai mayar da shi maganar malamin ba, tun da an daɗe ana ƙirƙirar ƙarya da hannu.

Abin da dokoki suka ce

A ranar 21 ga watan Yulin 2023 kamfanoni bakwai, wato Amazon da Anthropic da Google da Inflection da Meta da Microsoft da OpenAI, suka yi wa fadar White House alƙawarin samar da hanyoyin sanar da jama'a abin da na'ura ta ƙirƙira, ciki har da tambari, ko da yake alƙawarin ya fi karkata ga sauti da hoto. Shugaba Joe Biden ya sanya batun a wani umarnin shugaban ƙasa a watan Oktoban 2023, amma Shugaba Donald Trump ya soke umarnin a ranar 20 ga watan Janairun 2025.

Dokar ƙirƙirarriyar basira ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga watan Agustan 2024, ta tanadi a sashe na 50 cewa masu irin waɗannan manhajoji su sanya wa abin da suke fitarwa, har da rubutu, alamar da na'ura za ta iya karantawa, kuma jadawalin farko na dokar ya ajiye ranar 2 ga watan Agustan 2026 domin fara aiki da wannan sashe. Ƙasar Sin ta riga ta: ƙa'idojin da ta fitar a watan Maris na 2025, suka fara aiki ranar 1 ga watan Satumba na wannan shekara, sun wajabta alama iri biyu, ta fili wadda mai karatu zai gani, da ta ɓoye a cikin bayanan fayil.

A Najeriya, Ma'aikatar Sadarwa da Tattalin Arziki na Zamani ƙarƙashin minista Bosun Tijani ta fitar da daftarin manufar ƙasa kan ƙirƙirarriyar basira a watan Agustan 2024, sannan a watan Satumbar 2025 aka ƙaddamar da N-ATLAS, manhajar da aka horar da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin Najeriya. N-ATLAS na cikin rukunin manhajojin da ake saki a buɗe, kamar Llama ta kamfanin Meta da DeepSeek ta ƙasar Sin, waɗanda kowa ke iya saukewa ya ɗora a kwamfutarsa. Ga harsunan da manyan kamfanoni ba su cika kula da su ba, wannan buɗewa alheri ce. Amma tambarin rubutu a lokacin jefa ƙuri'ar kalmomi ake sanya shi, kuma wanda manhajar ke kan kwamfutarsa shi ke da ikon kunna wannan mataki ko kashe shi, ko yana Brussels ko yana wani shago a Runjin Sambo.